Bitar kwana uku kan sulhu a makaranta: wa ya taɓa gwadawa a ajin yara casa'in?

Malama_Rakiya_JSS
Assalamu alaikum malamai. Makon jiya aka tura mu bita ta kwana uku, mu huɗu daga makarantarmu, kan wani tsarin ladabtar da ɗalibai wanda ba a farawa da bulala ko kora. Masu bitar suna ce masa gyaran ɓarna da gyaran tsakani. Wai idan yaro ya yi laifi, maimakon ka tambayi wace doka ya karya, bulala nawa ce hukuncinta, sai ka zaunar da shi ka yi masa tambaya biyar. Me ya faru? Me kake tunani a lokacin? Me ka tuna daga baya? Wa abin ya shafa, ta yaya? Me za ka yi ka gyara? Shi ma wanda aka cuta da nasa tambayoyin, daga nan a haɗa su. Sannan lokaci zuwa lokaci a jera kujeru a yi da'ira, a riƙa miƙa wani abu hannu zuwa hannu, wanda ke riƙe da shi kaɗai ke da bakin magana.

A ɗakin bitar abin gwanin sha'awa. Mu ashirin da huɗu ne, fanka na kaɗawa, ga ruwan gora a gaban kowa. Muka yi da'ira, har wata malama ta yi hawaye da ta tuna dukan da aka yi mata tana aji uku. Ranar Litinin na shiga JSS 2B: yara 94, benci haɗe da tebur ba ya motsi, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Na tsaya da alli a hannu ina tunanin ta ina da'irar za ta fito. Ban yi ba. Kafin a tashi tara sai da na sa yara biyu tsallen kwaɗo.

Don Allah akwai wanda ya taɓa aiki da wannan tsari da gaske a makarantar gwamnati irin tamu? Ko dai abin na makarantun 'ya'yan masu hali ne?

DanZazzau_Lissafi
Wa alaikumussalam Malama. Tambaya ta farko: an ba da alawus? In an bayar, bita ta yi armashi. Ni a shekara goma sha ɗaya na tara jakunkunan bita sun fi bakwai, kowace da biro da littafi da satifiket. Ba wanda ya taɓa dawowa ya leƙa ajina ya ga ko ina yin abin da aka koya mini. Wannan ma sahun za ta bi.

Baba_Hedimasta
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya. Da wata ce sai ta ce ta gwada, komai ya tafi sumul. Na yi shekara talatin da biyar a aji kafin na ajiye aiki, sha biyu daga ciki ina hedimasta. Abin da aka koya muku ba baƙo ba ne, sulhu ne. A zauren mai unguwa muka taso muna ganinsa: akuyar wane ta yi ɓarna a gonar wane, a zauna, kowa ya faɗi nasa, a kimanta, a biya, a yi fatiha. Har sai an ɗauko mutum da majigi ya koya mana wannan?

Amma ban yarda a jefar da bulala baki ɗaya ba. Akwai yaron da magana ke shiga kunnensa, akwai wanda jiki magayi. Ni biyu nake yi a tafin hannu, a ofis, ba a gaban asambuli ba, kuma sai na huce. Cikin ɗalibaina yau akwai likitoci, akwai alƙali, duk sallah suna zuwa gaishe ni.

Ummu_Khalil
Allah ya ƙara girma Baba. Ni uwa ce, ba malama ba, a yi mini afuwa. Waɗanda suka zama likitoci su ne ke zuwa gaishe ku. Waɗanda bulala ta kora suna tasha, suna bakin kasuwa, ba za su zo ba, shi ya sa ba sa shiga lissafi. Yayana yana da in'ina. A aji biyar malami yake tsayar da shi karatu, in harshe ya sarƙe sai dorina. Wata safiya ya ɓoye allonsa da jakarsa a bayan rumbu ya ce ko za a yanka shi ba zai koma ba. Yau shekararsa arba'in da wani abu, ni nake karanta masa saƙon waya.

Baba_Hedimasta
Wannan malamin zalunci ya yi, ba horo ba. Allah ya saka wa yayanki. Irinsu ne suka ja mana.

Malam_a_Hull
Bari in sa baki, don makarantar da nake koyarwa a nan Ingila da wannan tsarin muke aiki, kuma birnin Hull na cikin wuraren da suka rungume shi da wuri.

Baba yana da gaskiya, ba Bature ne ya ƙago sulhu ba, su kansu ba su ce haka ba. Amma wannan tsarin da aka rubuta a takarda daga kotu ya fito, ba daga aji ba. A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Elmira a lardin Ontario na Kanada, samari biyu suka bugu suka yi ɓarna a wuri 22 cikin dare ɗaya, fasa tagogi, farke tayoyin mota. Wani jami'in kula da masu laifi, Mark Yantzi, ya ba alƙali shawara a sa su je su fuskanci mutanen da suka yi wa ɓarnar. Haka suka bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna jin abin da suka jawo, daga baya suka biya. A 1989 ƙasar New Zealand ta yi dokar da ta sa ake kiran taron dangi idan yaro ya yi laifi, bayan ƙabilar Maori sun daɗe suna kukan cewa kotunan Turawa na raba su da 'ya'yansu. Wani ɗan sanda a garin Wagga Wagga na Ostireliya, Terry O'Connell, ya ari tsarin a 1991 ya jera tambayoyin da za a riƙa yi. A 1994 wata malamar ba da shawara, Margaret Thorsborne, ta shigo da shi makarantar sakandare a jihar Queensland. Tambayoyi biyar ɗin da aka ba ki, Malama Rakiya, jikokin na ɗan sandan nan ne, wata cibiya a garin Bethlehem na jihar Pennsylvania a Amurka ta yaɗa su duniya.

Abin da nake zargin ba a nanata muku ba: masu tsarin suna cewa kashi 80 cikin ɗari na aikin kafin a yi laifi ake yin sa. Gaisuwa a bakin ƙofa, sanin sunan yaro, zaman da'ira a ranar da ba abin da ya faru. In ba ka gina komai tsakaninka da yaro ba, me za ka gyara ranar da ya ɓaci?

DanZazzau_Lissafi
Malam na Hull, yara nawa ne a ajinka?

Malam_a_Hull
Ashirin da tara.

DanZazzau_Lissafi
To madalla. Malama Rakiya tana da ajinka uku da ɗoriya a ɗaki ɗaya. Sunayensu kaɗai in za ta kira rajista rabin firiyod ya tafi.

Bakano_Sak
Ku rabu da Bazazzagi, in dai ba a ambaci alawus ba karatu ba ya shigarsa.

DanZazzau_Lissafi
Kai da aka tura ka bita ka sayar da jakar a Kwari kafin a rufe taro?

Tsohuwar_Boda
Ku yi dariyarku, amma ni kalmar sulhun nan ce take tayar mini da hankali, kuma da Baba nake, cikin ladabi.

Ina aji ɗaya a makarantar kwana ta 'yan mata, siniyoyi uku suka kwashe mini kayan kwabata, gari da sukari da madara, komai. Da na yi magana suka sa ni durƙuso a kan tsakuwa bayan an kashe fitila, da bokitin ruwa a ka. Na kai ƙara. Aka kira mu ofis. Mataimakiyar shugabar makaranta ko zama ba ta ce mu yi ba. Ta ce, "Ku duk 'yan'uwan juna ne. Ku ku ba ta haƙuri, ke kuma ki yafe, ku rungumi juna." Minti biyar ba a yi ba. Ba wanda ya tambaye ni me aka yi mini, ba wanda ya ga gwiwata, ba a dawo mini da ko cokalin sukari ba. A daren nan abin da suka yi mini ya fi na farko, don yanzu na zama mai kai tsegumi.

Sulhun da na sani a wajenmu sau da yawa "yi haƙuri" ne, kuma ƙarami ake ba haƙurin, matar aure ake ba, talaka ake ba. Ana ba ka haƙuri ne don ka yi shiru manya su huta. In wannan ne za a shigo da shi makarantu da sabon suna, wallahi gara a zane wanda ya yi laifi, ko ba komai wanda aka cuta ya ga an yi wani abu.

Ummu_Khalil
Kai, 'yar'uwa. Jikina ya yi sanyi.

Alaramma_Mai_Allo
Allah ya saka miki, baiwar Allah. Abin da aka yi miki ba shi ne sulhun da addini ya sani ba. Mutane suna son jawo "wassulhu khairun" ta cikin Suratun Nisa'i su tsaya nan. Su je Suratul Hujurat, aya ta 9: an ce a yi sulhu tsakanin ɓangarori biyu, in ɗaya ya yi zalunci a tsaya a kansa har ya dawo, sannan a sulhunta su da adalci. Kalmar adalci tana cikin ayar. Kuma duk ɗalibin fiƙihu ya san tuba daga haƙƙin mutum ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe don kansa. Yafiyar da aka matse wuyan mutum ya furta ba yafiya ba ce.

Game da duka kuwa, mu masu allo an fi zarginmu, kuma ba duka zargin ne ƙarya ba. Amma Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Malaman Malikiyya na Ƙairawan da suka yi rubutu kan ladubban mai koyarwa sun iyakance dukan yaro ga bulala uku, ba cikin fushi ba. Ibn Khaldun ya ware fasali guda a Muƙaddimarsa kan cewa tsananta wa ɗalibi cutar da shi ne, yana koya masa ƙarya da yaudara don ya tsira. Duk wanda ya riƙe makaranta ya ga haka da idonsa. Yaron da aka fi duka shi ya fi iya rantsuwa.

Malam_Gaidans
Malama Rakiya, ni na gwada, a makarantar gwamnati, shekara ta uku ke nan, kuma azuzuwanmu ba su gaza naki ba. Zan fara da maganar Tsohuwar Boda don ita ce gishirin zancen. Abin da aka yi mata ya karya kowace ƙa'ida ta tsarin. Ba a haɗa yara sai wanda ya yi laifin ya amsa cewa ya yi. Ba a haɗa su sai ka zauna da kowanne shi kaɗai tukuna. Wanda aka cuta in ya ce ba zai zauna ba, shi ke nan, ba dole. Ba a ce wa kowa ya yafe. Abin da aka amince a kai a rubuta, a sa hannu, a sa ranar da za a duba.

Ga wanda na yi a zangon da ya wuce. Wata yarinya 'yar JSS 1 tana zuwa da kular awara tana sayarwa lokacin tara. Wani yaro ɗan JSS 3, garin burga a gaban abokai, ya sa ƙafa ya ture kular, awara ta zube cikin ƙasa, ya wuce yana dariya. Malamin horo ya riga ya ɗauko bulala, na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Na zauna da yaron a gindin darbejiya. Me ya faru? "Wasa ne, Malam." Me kake tunani a lokacin? Shiru. Na ƙyale shirun. Wannan ne abin da ya fi wuya a aikin, domin bakin malami ba ya son shiru, yana son wa'azi. Can ya ce so yake a yi dariya.

Yarinyar ta yarda za ta zauna in yayarta na wurin. Da aka zo kanta, ba ta ɗaga kai ba, tana murza bakin hijabinta, ta ce kuɗin awarar nan da shi ake cefanen dare a gidansu, kuma ranar mahaifiyarta ta doke ta don ta zaci ta kashe kuɗin ne take ƙarya. Yaron nan da na san ya sha bulala goma a asambuli ko gezau, sai ga shi yana kallon yatsun ƙafarsa. Na tambaye ta me take so a yi. Na zaci kuɗi za ta fara cewa. Ta ce, "Ya je ya gaya wa Ummata ba ƙarya na yi ba." Da yamma na raka shi har ƙofar gidan, ya durƙusa a soro ya faɗa da bakinsa. Kuɗin kuma ya biya kaɗan kaɗan daga abin da yake samu a garejin da yake koyon aiki, cikin mako biyu.

Kada in yi muku daɗin baki, wannan maganar ɗaya ta ci mini kusan awa huɗu, bulala kuwa minti biyu ce. Akwai kuma wadda ta rushe a hannuna: na gayyato mahaifin wani yaro, kafin in gama tambaya ta farko ya tashi ya kwaɗa wa ɗan mari a gaban kowa, ya ce in ƙara masa. Laifina ne, ban zauna da uban tukuna ba.

Da'ira kuwa, manta da mutum 94 a lokaci ɗaya. Ɗauki layi ɗaya, yara goma zuwa sha biyu, ki fita da su gindin bishiya minti goma, sauran ki bar musu aiki da monita. Ko ki sa goma a tsakiya suna magana, saura na kewaye suna saurare, a bar gurbi ɗaya ga duk mai son shigowa ya faɗi nasa ya koma. Abin miƙawa ba sai an sayo ba, ni dasta nake amfani da ita.

Lauya_Mai_Shayi
Ƙarin bayani ta fuskar doka, tunda an taɓo duka. Sashe na 55 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya ba malamin makaranta damar horon yaro ɗan ƙasa da shekara 18, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba. A ɗaya hannun ga Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi, kuma jihar Legas ta hana duka a makarantunta. Saboda haka malami ya san a jihar da yake, ya san kuma abin da ma'aikatarsa ta rubuta.

Gargaɗina ɗaya ne. Fyaɗe, lalata da yara, makami, rauni mai tsanani, waɗannan ba na gindin darbejiya ba ne. Na ga shari'o'in da aka kashe da sunan "a rufa asiri, an yi sulhu", yarinya ta bar makaranta, mai laifi ya ci gaba da zuwa. Duk bitar da ba ta ja wannan layin da jan biro ba, a tambayi masu ita.

Yar_Digiri_Na_Biyu
Ina rubuta kundina a kan ladabtarwa a sakandare, bari in kawo abin da bincike ya nuna, don kada a ɗauka maganin kowace cuta ne. A birnin Pittsburgh na Amurka cibiyar RAND ta bi makarantu 44 na shekara biyu, rabi aka horar da malamansu, rabi aka bar su yadda suke, rahoton ya fito a 2018. Kwanakin da yara ke asara saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin ɗari, malamai suka ce zaman makaranta ya fi daɗi. Amma dakatarwa kan faɗa da makami ba ta ragu ba, kuma sakamakon karatun 'yan aji shida zuwa takwas ya ɗan yi ƙasa. A Ingila kuma an gwada a sakandare 40 na shekara uku, mujallar Lancet ta buga a 2018: cin zali tsakanin ɗalibai ya ragu, ba da yawa ba, kuma sai a shekara ta uku bambancin ya fito. A can duk ma'aikatan makaranta aka horar, sannan aka zaɓi kaɗan aka ƙara musu horo mai zurfi, ga kwamitin da ɗalibai ke ciki.

Ku duba wannan ku duba mutum huɗu, kwana uku.

Malam_a_Hull
Haka ne. Kuma a nan ma malamai na kuka. Ƙungiyar malamai ta NASUWT ta sha cewa wasu shugabannin makarantu sun mayar da abin hanyar gudun hukunci: yaro ya zagi malama, a kira su "tattaunawa" ta minti uku, ya dawo aji yana murmushi. Ni kaina an taɓa zaunar da ni da yaron da ya jefe ni da kujera, ba wanda ya tambaye ni ko na shirya. Labarin Tsohuwar Boda ne da Turanci.

Zango_Kumasi
Salamu alaikum daga Kumasi. Mu nan Gana hukumar ilimi ta hana bulala, a 2019 ta ce a koma wani kundin ladabtarwa na lalama. An karɓe sanda daga hannun malami, amma da yawanmu ba a zaunar da mu an koya mana abin da za mu riƙe a madadinta ba. Sai wasu suka koma "ba ruwana". Yaro ya yi abin da ya ga dama, malami ya rubuta darasi a allo ya fita, albashinsa na tafiya. Wannan ya fi bulala illa a ganina. In za a yi a Najeriya, a fara da horon kafin hanin.

Malama_Rakiya_JSS
Wannan ya tuna mini da wani zane da aka yi mana a bitar, gida huɗu. Malamin da ke da tsanani ba tausayi, hukunci yake saukewa a kan yaro. Mai tausayi ba tsanani, shagwaɓa shi yake. Wanda ba ko ɗaya, shi ne "ba ruwana" na ɗan'uwanmu na Kumasi. Wanda ya haɗa biyun, tare da yaron yake gyaran. A allo ya yi kyau sosai.

Mushe_Maradi
Mu nan Nijar a lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ina da wata dabara da ba a bita na koya ba. In yara biyu suka sarƙe, na duba in akwai wasa tsakanin kakanninsu, Bafillace da Babarbare misali, sai in ce, "Kai, bawanka ne fa, da bawanka kake faɗa?" Aji ya fashe da dariya, wuta ta mutu. Wasan taubasai ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2014. Amma da na karanta labarin mai awara na gane dariyar na kashe faɗa ne kawai, wanda aka fasa wa kwano har yanzu ba shi da kwano. Zan kai maganar gaban kwamitin lakwal.

Baba_Hedimasta
Tsohuwar Boda, 'yata, na karanta naki sau biyu. Ba zan ce ban taɓa yin irin na mataimakiyar nan ba. Idan kana da yara dubu da malamai tara, "ku ba juna haƙuri" ita ce hanya mafi kusa. Allah ya yafe mana. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: yaro ya san akwai iyaka, akwai abin da zai biyo baya in ya tsallake. Malam Gaidans, da yaron nan ya ƙi biya fa?

Malam_Gaidans
Ranka ya daɗe, da ya koma hannun malamin horo da dokar makaranta, kuma na gaya masa haka tun farko. Ban taɓa ce wa yaro babu hukunci ba.

Bakano_Sak
Ni duk ba wannan ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. A gina azuzuwa, a ɗauki malamai, a biya albashi kan kari, ku ga in rabin rashin jin nan bai tafi da kansa ba. Malamin da ya fito gida ba a ɗora tukunya ba, shi za a ce ya zauna awa huɗu yana tambayar yaro me yake tunani? A kwalejojin ilimi ya kamata a sa wannan, tun mutum na NCE, a kai shi koyarwar gwaji ya yi a gaban mai duba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malama_Rakiya_JSS
Na dawo da rahoto bayan mako biyu. Na bi shawarar Malam Gaidans, layi ɗaya, gindin bishiya, dasta a hannu. Ranar farko shirme aka yi, suna ta ƙyalƙyala dariya, wani ya jefi wani da dastar. Rana ta uku na tambaye su me ya fi ba kowa wahala kafin ya iso makaranta da safe. Da dasta ta iso hannun wani yaro da tun farkon zango nake sa shi tsallen kwaɗo saboda makara, ya juya ta ya juya, ya ce shi yake tura kurar ruwa sahu biyu kafin ya zo, tunda mahaifinsa ya kwanta ciwo. Yaran layinsa duk sun sani. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Ɗaya kuma ba ta yi ba. Wani ya yaga wa wata littafin rubutu ya zage ta da uwa. Na zauna da shi, ya amsa. Ita ta ce ko kallonsa ba ta son yi. Ina cikin lallaɓawa, mataimakin shugaba ya ji labari ya zane shi a asambuli, don shi ba ya cikin mu huɗun da aka tura. Yanzu yaron ya ce ai an riga an doke shi, ba abin da zai biya. Ya zan yi?

Malam_Gaidans
Kada ki matsa mata. Tambaye ta ko akwai saƙon da take so ki kai masa, ko abin da take so a yi ba tare da sun haɗu ba. Shi kuma ki bar shi ya huce kwana biyu, sannan ki tambaye shi ko bulalar ta ɗinke littafin. Amma aikinki na gaba ba yara ba ne, mataimakin shugaba ne. Ku huɗun ku same shi a ofis da girmamawa, ku roƙi a ba ku aji ɗaya na zango ɗaya.

Tsohuwar_Boda
Na gode da ba ki tilasta mata ba, Malama.

Baba_Hedimasta
Mai kurar ruwan fa, ya daina makara?

Malama_Rakiya_JSS
Bai daina ba, Baba. Mun yi da shi zai riƙa shigowa a hankali ya zauna a bakin ƙofa, abokin zamansa ya ba shi abin da ya wuce ya kwafa lokacin tara. Mai gadi ne har yanzu ban shawo kansa ba, shi yake tare su a get.

DanZazzau_Lissafi
Malama, tambayoyin wanda aka cuta da kika ce akwai, turo mana su nan. Ba wai na yarda ba ne.

Malama_Rakiya_JSS
Me ka ji a ranka da abin ya faru? Ta yaya ya shafe ka, kai da na kusa da kai? Me ya fi yi maka ciwo a ciki? Me kake ganin ya kamata a yi a gyara?

DanZazzau_Lissafi
Na kwafa. Ina da wasu biyu da suka fasa wa wani gilashin ido jiya. Gobe firiyod shida gare ni a jere, sai dai bayan an tashi, in sun tsaya.